Taga a Shimfiɗar Gwaggo

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wadda take unguwa ɗaya da ke amma ta zaɓi takarda. Allah ya kai ki Damazin lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masu tare ta, ya sa aikin ungozoma da kika samu ya zame alheri gare ki da matan ƙauyukan da za ki riƙa zagayawa.

Za ki tarar da wannan wasiƙa a aljihun gaban mota, tare da ɗan jihazin nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari ya gaya wa wayarki abin da yake damun motar. Na san kin ƙoshi da nasiha. Gwaggonki Hawwa ta yi miki ta salla, ta yi ta maza, ta yi ta zama da maƙwabta, ta yi kuka kin taya ta, ina tsaye bakin ƙofa da tiren shayi har ya huce. Ta kwashe komai. Abin da ta rage mini mota ce kawai, don ba ta san ko inda ake zuba mata ruwa ba. To a kan mota zan yi tawa.

Ke 'yar fari ce, kuma mu nan har yau muna riƙe da kunyar da kakanni suka ɗauko daga yamma, ko da yake rabin Hausar ta zube musu a hanya. Ranar da aka yaye ki, Hawwa, yayar babanki, ta goya ki ta wuce gidanta, ni na koma Madani na ƙarasa jami'a. Na koyi yadda lantarki yake gudu a cikin waya, na dawo ina koyar da shi. Yau ita kike kira Yumma, wato uwa, ni kuwa Ustaza, kamar sauran 'yan ajin da na yi wa jarrabawa. Ban taɓa kiran sunanki ba, kowa yana yaba mini. Ban kawo wannan don a yi shari'a ba. Na kawo shi ne don ki san cewa mai rubuta miki tana jin haushi, ki tace maganata kamar yadda kike tace ruwan tur'a, magudanar ban ruwan gonaki, kafin ki sha.

Motar nan da yaran unguwa suke kira Kyanwa saboda tafiyarta ba sauti, inji biyu gare ta, na fetur da na lantarki, da batir biyu: babba a wajen kujerar baya, ƙarami a but. Ba ta da baki sai fitilun gaban direba. Duk abin da na sani game da fitilun nan da kuskure na saye shi.

Shekarar da muka samo ta, fitila rawaya mai siffar inji ta kama. Motar tana tafiya lafiya lau. Babanki ya dube ta kwana da kwanaki, ya ce tana sa masa hawan jini, ya samo ɗan sitika mai rubutun Ma sha Allah ya manna a kai. Na yi dariya na bar shi, ni mai takardar jami'a. Daga baya na gane murfin tanki ne ba a ɗaure shi da kyau ba, abin da ko yaro zai gyara. Amma sitikan ya zauna. Da muka sayi fetur na jarka a bakin hanyar Wad Haddad, wanda aka sirka da abin da Allah kaɗai ya sani, fitilar ta shiga ƙiftawa a ƙarƙashin Ma sha Allah, ba wanda ya gani. Sai da inji ya fara karkarwa kamar mai zazzaɓin damina na ɓare sitikan da farce. Don haka ki riƙe wannan. Rawaya da ta tsaya cak ƙorafi ne, za ta kai ki gida, ki fara da duba murfin tanki sannan ki soka jihaz. Rawaya mai ƙiftawa, ki sassauta ki nemi gefen hanya. Ja kuwa, musamman jan alwatika mai alamar motsin rai a tsakiya, ba a yi mata ciniki. Ki tsaya, ko da mai naƙuda tana jiranki. Gara ki aika a ɗauko ki a kan babur da ki lalata motar ki rasa ta gobe.

Bayan wannan na kai ta wurin wani usta a Sinnar, mai garejin da yake da jihaz babba kamar talabijin. Ya soka, ya danna, fitila ta mutu. Ya share hannu a wando ya ce, "Khalas, ya Ustaza, ta warke."

Na ce, "Me ta ce yana damunta?"

Ya ce, "Wallahi ban karanta ba. Ke ba kashewa kike so a yi ba?"

Ban ƙetare gadar dam ba ta sake kamawa. Laifina ne, don da na shiga cewa na yi a kashe mini fitila, shi kuma ya ba ni abin da na tambaya. Goge lamba ba gyara ba ne. Idan kin soka jihaz za ki ga harafi da lambobi a jere. Ki ɗauki hotonsu kafin kowa ya taɓa komai, ki lura da lokacin da abin ya faru: da zafin rana ne, a kan gangara ne, bayan kin sha mai ne, mutum nawa ne a baya. Kuma ki sani lambar tana faɗin wanda ya yi ƙara ne, ba lallai wanda ya yi laifi ba. Akwai wadda ake tsoro, P0A80, wadda take cewa babban batir ya gaji. Duk usta da ya gan ta idonsa zai yi haske, ya ce yana da wani ɗan'uwa mai batir a Bur Sudan. Wataƙila gaskiya ne ya gaji. Wataƙila zafi ne ya dafa shi don an toshe masa hanci, sabon da za a sa ma haka zai dahu. Kada ki yarda a buɗe shi kafin ki turo mini hoton. Kuma duk wayar da kika ga ruwan lemo ce, ba ke ba ita, ba ustan da ya zo mata hannu tsirara. Wannan ba ta gargaɗi.

Kuskure na uku kin san rabinsa. Lokacin da masu bindiga suke bi gida gida suna kwashe motoci, ni na kawo shawarar a tura Kyanwa bayan gidan Hawwa a binne ta a cikin karan dawa. Shawara ta yi, motar ta tsira. Abin da na manta shi ne cire kan ƙaramin batir, kuma ban tuna cewa inda kara yake nan ɓera yake ba. Da ƙura ta lafa muka tone ta, na danna maɓalli, ko ƙyas. Da aka ɗan ba ta wuta sai kowace fitila ta kama lokaci guda, kamar rumfar mai alawa ranar Maulidi: birki, inji, sitiyari, alwatika, har da waɗanda ban san tana da su ba. Jihaz ya zubo lambobi har na gaji da jan allo. Babanki ya fara salati. Ni ma na zauna a kan kara na ce shi ke nan.

Ashe ƙaramin batir ne ya mutu. Shi yake tayar da kwamfutocin motar, idan ya yi rauni kowacce sai ta farka a gigice tana ihu. Da muka sa sabo, muka goge bayan na ɗauki hoto, lamba ɗaya ce ta dawo, ita ce ta kai ni ga wayar da ɓera ya ci a gefen inji. Na kwana biyu ina bin waya da 'yar fitilar hannu da tef. Ranar da koren READY ya fito a allo, mata suka yi guɗa suka nufi Hawwa suna cewa albarkar bayan gidanta ce. Ke ma kin rungume ta. Ni aka miƙo mini buta in wanke hannu.

Saboda haka, idan fitilu suka kama da yawa a tare, kada ki tsorata da yawansu, ki fara zargin ƙaramin batir. Kada ki bar motar ta daɗe a ajiye. Ko ba inda za ki, ki tayar da ita ta zauna a READY na ɗan lokaci a fili mai iska. Mutanen can za su zo miki da wayar jona batir a kafaɗa, a taimaka a tayar musu da injin ban ruwa ko tarakta. Ki ce a'a. Za su ce 'yar birni ce mai rowa. Na taɓa jin kunyar wani dattijo na ba shi, ya tayar da injinsa ya tafi yana sa mini albarka, ni na koma gida a kan amalanke. Batirin nan ba a yi shi don jan babban inji ba. Kuma in ta mutu miki a hanya, a ɗora ta a kan babbar mota, kada a ja ta da igiya ƙafafunta suna juyawa a ƙasa.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin tuna bikar da muka je Hasahisa, wato ta'aziyyar surukin Hawwa? Ƙarshen tsinkar auduga ne, rana kamar ta faɗo. A garin nan mai mota ba ya wuce mai zuwa gaisuwar mutuwa, don haka kujerar mutum uku ta ɗauki mata har da na kan cinya, kowacce da tobinta, mayafin nan mai faɗin labule. Ke kina tsakiya, Hawwa tana gefen ƙofar dama. Ni kuma, don in tsimi mai, na kashe na'urar sanyi na ce a sha iskar Allah. A gefen kujerar nan, daidai inda Hawwa ta jingina, akwai 'yar taga mai raga. Ta nan babban batir yake shaƙar iska, fanka tana ja masa daga cikin ɗakin motar. Na sani, na karanta. Amma wa zai ce wa yayar mijinsa ta tattare tobinta a hanyar makoki?

Mun wuce rabin hanya sai na ji huci a baya. Inji ya daina hutawa, mota ta yi nauyi kamar an ɗaure mata jaki. Sai jan alwatika. Na gangara ƙarƙashin wata bishiyar nim a bakin tur'a na ce kowa ya sauka.

Hawwa ta ce, "Banzin ne ya ƙare a tanki?"

Na ce, "A'a, Yaya. Numfashinta ne ya toshe."

Ta ce, "Mota da numfashi? Ke karatun nan naki wata rana sai ya sa kin yi wa turmi allura."

Mata suka kwashe da dariya, a hanyar makoki fa. Na durƙusa na leƙa ragar. Bayan tobin da ya rufe ta, ta cushe da zaren auduga da ya taru tun farkon kaka, daga buhunan da babanki yake ɗaukowa a hawasha, gonarmu ta auduga, da rigunan masu tsinka da muke rage wa hanya. Na zauna ina zaro shi da tsinken gashi, gumi yana shiga mini ido. Na buɗe ƙofofi duka, na bar ta ta huce. Da na ɗago, sai na hango ki a inuwa kin ɗora kai a kafaɗar Hawwa, tana yi miki fifita da gefen tobin nan da ya jawo mana tsayuwar. Tana jan carbi da ɗaya hannun. Da motar ta tashi, wata ta ce, "Addu'ar Hawwa ba ta faɗuwa ƙasa." Kika ce, "Wallahi, Yumma." Na kunna sanyi har ƙarshe, na tuƙa. Da muka dawo na kwance gefen but na ciro fankar, ta yi gashi kamar tunkiya.

Nasihar a nan gajera ce. Sanyin mota ba na jin daɗinki ba ne ke kaɗai, da shi batir yake rayuwa, kada ki tsimi mai a kansa. Ki share ragar nan duk Juma'a. Matan da za ki ɗauka masu ciki ne, da 'yan rakiya da ƙullin kaya, kuma duk za su so gefen ƙofa. Ki buɗe baki ki ce a matsa. Kunyar minti ɗaya ce.

To shekaranjiya aka kira ni in ga kyautar sallama. Hawwa ta yi wata da watanni tana ɗinka wa kujerar baya shimfiɗa, a ɓoye, da zare kala kala da auduga a ciki, don matan da za ki ɗauka su ji taushi. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin aikin hannu mai kyanta ba. Ta lulluɓe kujerar daga ƙofa zuwa ƙofa, ta soke gefunan tsaf. Kika shafa ta kika yi hawaye. Ni idona yana kan gefen dama. Ta rufe tagar ruf, da auduga mai kauri, kamar wadda aka aiko.

Na koma gida na rasa abin yi. In na ce a cire, gari duka zai ce Ustaza ta kasa haɗiye kyautar Hawwa, kuma ba za su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Na tambayi kaina ko da wata ce ta ɗinka zan ji zafin nan. Batir dai bai san wadda ta ɗinka ba. In na yi shiru, ba za ki wuce Sinja ba jan alwatika zai kama, ke kaɗai a hanyar da ba usta ba inuwa.

Jiya da hantsi, kina wajen sallama da ƙawayenki, na ɗauki almakashi na tafi. Na tarar da ita a kan gado tana gasa bun na jabana, wato 'ya'yan gahawar da muke sha. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon hannuna.

Ta ce, "Aski kika zo yi mini?"

Na ce, "Yaya, shimfiɗar nan ta rufe hancin motar."

"Hancin nan dai na hanyar Hasahisa?"

"Shi."

Ta ci gaba da juya bun. Can ta ce, "Shekara nawa yarinyar nan tana gidana, ba ki taɓa zuwa kin ce ga abin da za a yi mata ba. Ko kitso. Yau da kika zo, da almakashi kika zo."

Na ce, "Ba a ba ni wurin zuwa da wani abu ba."

Ta ce, "Kin tambaya?"

Wannan kam jami'a ba ta koya mana ba. Ta sauke kaskon, ta sa takalmi, ta ce in wuce gaba. A bakin mota ta ce, "Nuna mini." Na kama yatsanta na ɗora a kan ragar ta cikin shimfiɗa. Na kunna motar na ɗaga gefen zanen don ta ji iskar da ake ja. Sai ta ce, "La ilaha illallah. Ashe da gaske kike, 'yar banzar tana shaƙa." Ta karɓe almakashin daga hannuna. "Kawo. Ke in kin yanka sai ka ce kare ya ci."

Ta yanka taga daidai girman ragar, ta zauna a bakin ƙofa ta daje gefen da jan zare, ta ƙara masa 'yan furanni. Za ki gani. Ya fi sauran shimfiɗar kyau. Na zo in ɓata mata aiki ko da kaɗan ne, ta mayar da gyarana ado, kuma na san duk wadda ta shiga motar za ta ce kai, Hawwa har da taga ta yi. Na tsaya ina riƙe mata zare kamar 'yar koyo.

Da ta ƙulle ta cije zaren, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ni in ta kira ni ta ce ja ta kama, abin da zan ce mata Allah ya kyauta. Ki gaya mata ta kira ki."

Na ce, "Ke ki gaya mata. Maganarki take ji."

Ta ce, "A'a. Wannan kam ki buɗe bakinki da kanki. Na yi miki goyo, ba zan yi miki magana ba."

To ga shi na buɗe, iyakar yadda na iya. Ki kira Yummarki kullum, ta cancanta, kuma in ba ki kira ba ni za ta hana barci. Ki gaya mata abin da kika ci da wanda ya gaishe ki a kasuwa. Ba na neman wannan, ko kuma ina nema amma na san layi. Abin da nake nema nawa ne: duk fitilar da ta kama, rawaya ko ja, ko wani sauti da ba ki gane ba, ko ma ba komai kika ji dai motar ta canza miki, ni za ki fara kira. Ba usta ba, ba babanki mai sitika ba. Ko ina cikin aji zan ajiye alli in fita. In kin ga dama ki riƙa sassauta murfin tanki lokaci lokaci, ba zan tona ki ba.

Akwai tsinken gashi a cikin ambulan ɗin nan, na share raga ne. Kada ki bar fetur ya ƙare ƙaf da sunan lantarki zai kai ki. Da damina kada ki shiga ruwan da ba ki ga ƙasansa ba, ko direban gaba ya wuce.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ki sauka lafiya ki tarar da mutanen kirki, ya sauki matan da za su zo hannunki lafiya, ya dawo mana da ke kina tuƙi da kanki. Babanki yana gaishe ki. Na bincika dokar kunya daga farko har ƙarshe, na tambayi tsofaffi a fakaice, duk a kan baki aka yi ta. Ba wanda ya ce komai game da alƙalami.

Ki sauka lafiya, Nafisa.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Ustaza, wadda ta haife ki.